Kilo Goma Aka Ce, Roba Goma Na Kai

Gwaggo Kulu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, don ban san wanda zan faɗa wa ya saurare ni bai yi dariya ba. Na san abin dariya ne ga mai ji daga nesa, a ce mace mai shekara talatin da takwas da 'ya'ya huɗu tana kuka a kan kirem ɗin sanyi, wanda 'yan Kano ke ce wa askirim. Amma shi ne ya raba ni da aminiyata, ya kashe mini sana'a, yanzu kuma yana neman raba ni da albarkar mahaifina. Na canza sunayen mutane, sai dai duk wanda ke unguwarmu a Damagaram zai gane ni. Ba abin da ya rage da zan ɓoye.

Na koyi yin kirem a Yamai, wurin wata maƙwabciyata 'yar Togo, lokacin da maigidana ke tuƙa mato a wani kamfani. Da aikin ya ƙare muka dawo gida, na sayar da keken ɗinkina da tumakina uku, wani ɗan kasuwa Bakano ya kawo mini ƙaramin injin da ke kaɗa kirem, daga baya na samu firigo na daskarar da shi. Matar nan ta rubuta mini haɗin a takarda, komai da giram: madarar gari kaza, sukari kaza, ruwa kaza. Ina da ɗan sikelina na aunawa, kuma ban taɓa rage ko cokali ɗaya ba. Ina yin mai ƙanshin banil, da mai mangwaro, da mai dabino. Robobin da nake zubawa daga Kano ake kawo su, kowace an rubuta litir ɗaya a gindinta. Shekara shida ke nan ina sayarwa roba-roba da kofi-kofi, a butik tara, wato kantunan unguwa, da ƙofar lakwal biyu inda yara ke karatun boko, ba wanda ya taɓa zuwa da ƙorafi. Da azumi har layi ake yi a ƙofar gidana.

Akwai abin da zan faɗa miki wanda ban faɗa wa kowa ba. Tun farko na lura in na dama haɗi litir biyar na zuba a inji, roba goma nake cikawa. Na gani da idona, kullum. Ban tambayi kaina daga ina sauran biyar ɗin suka fito ba. Na ce albarka ce, na yi hamdala na wuce. Yanzu wannan ne yake cin raina fiye da komai.

Ina da aminiya, bari in kira ta Rahina. Tun aji ɗaya na lakwal muke zama benci guda. Ita ta fara kai kirem ɗina ofis ɗinsu, ita ta haɗa ni da masu butik. A watan Afrilu da ya wuce ta tashi aurar da ɗiyarta ta fari, Nafisa, yarinyar da na goya. Angon ɗan gidan wasu 'yan kasuwar Kano ne da suka daɗe a unguwar Zango. Dangin ango suka ce su za su biya kayan sanyi na wunin biki, suka ba Rahina kuɗin. Wata mai girkin biki ta lissafa mata cewa mutum ɗari za su sha kilo goma. Rahina ta kira ni a salula tana karanto jerin kaya, nama kilo kaza, sukari kilo kaza, sai ta ce ni kuma kirem kilo goma. Na ce to.

Gwaggo, a lakwal malaminmu, da muke ce wa mushe, ya koya mana litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Abin da ke kaina ke nan. Na ce kilo goma ai roba goma ce. Kuɗin roba goma na faɗa mata, har na rage, don bikin ɗiyata ne. Na ƙara madara a haɗin, na zaɓi mafi kyawun abin da hannuna ya iya.

Ranar bikin ana wata irin rana mai narka kwalta. Bayan la'asar aka fara rabawa a ƙananan kofuna. Kafin a gama da ɓangaren dangin amarya roba bakwai sun tafi, ga matan dangin ango cike da rumfa ba a kai kansu ba. Sai gwaggon ango, Hajiya Hajara, ta taso ta zo wurin da nake tsaye. Matar nan sukari da fulawa take sayarwa, hannunta ya san kilo kamar yadda ya san tasbaha. Ta ɗaga roba ɗaya da ba a buɗe ba, ta jinjina, ta tambaye ni a hankali ko kilo nawa ne a ciki. Na ce ɗaya. Ta ce ba ta jin ya kai. Gaskiya ba ta ɗaga murya ba, ni ce na ɗaga. Zafi da gajiya da ganin mutane suna kallona suka haɗu, na ce shekara shida ina sana'ar nan ba wanda ya taɓa kira na maha'inciya. Sannan na ce, a gaban mata fiye da hamsin: "Wallahi tallahi kilo goma cif na kawo gidan nan."

Aka aika butik ɗin ƙofar gida aka kawo sikeli. Aka ɗora robar. Giram ɗari biyar da tamanin, har da nauyin robar kanta. Na ce sikelin ne ya lalace. Hajiya Hajara ta ɗauki gorar ruwa mai litir ɗaya ta ɗora, sikelin ya nuna kilo ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Ta sake ɗora robata, ya sake nuna ɗari biyar da tamanin. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi. Dangin ango suka ce kuɗin kilo goma suka bayar, aka kawo biyar da rabi, saboda haka ni da Rahina mun raba sauran. An faɗa wa amarya wannan magana a ranar da aka kai ta, tana cikin lulluɓi. Wata kuma ta ɗauki muryata lokacin da nake rantsuwa, ta haɗa da hoton sikelin, abin ya zaga salular mata daga Birni har Garin Malam. Suka sa mini suna Mai Sayar da Iska. Yara suna kiran 'ya'yana da shi a hanyar lakwal.

Da na samu kaina na auna duk abin da ke firigo. Mai banil ɗari biyar da hamsin in an cire roba, mai mangwaro wajen ɗari shida, mai dabino ya fi su duka nauyi. Roba iri ɗaya, cika iri ɗaya, nauyi daban-daban. Kaina ya ɗaure. Na ce bari in gyara. Na danna kirem da ludayi don kilo ya shiga roba ɗaya, ya ƙi. Na bar shi ya narke, sai na ga roba cikakkiya ta koma rabi, ashe da gaske iska ce a ciki. Na cika roba da narkakken na daskarar, ya kai kilon har ya wuce, amma ya fito kamar dutse, sai da wuƙa. Waɗanda suka saya suka ce ga shi nan, da aka kama ta ta koma zuba ruwa. Na ce to bari in sayar da kilo. Kilo ɗaya ya ci kusan roba biyu, kuɗinsa ya kusa ninkawa, suka ce haushi nake hucewa a kansu. Ana cikin haka aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, wuni guda cur, kirem ya saki ya sauka a cikin robobi, da wuta ta dawo ya sake daskarewa a ƙasa-ƙasa. Wani mai butik ya dawo mini da su ya ce na sake rage mudu. Cikin butik tara, biyu suka rage, su ma don kunyar maigidana.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya karya ni shi ne Baba.

Mahaifina yana Durum. Shekara arba'in ya yi yana awon hatsi a kasuwa. Manoma kan bar masa buhunansu su tafi salla, masu saye daga Kano kan ce in ba tiyar Malam ba ba su yarda ba. Tun muna yara surar masu tauye mudu ce farkon abin da ya fassara mana. Yanzu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ido biyu, da ƙyar yake gane mutum sai da murya. An ba mu lokacin yi masa aiki a gidan likita bayan damina, ni ce na ɗauki nauyi, kuma ya yi murna, har yana cewa zai sake ganin gonarsa ta yi kore. Ban san wanda ya kunna masa muryar nan ba.

Na tafi Durum da shinkafa da sukari kamar yadda na saba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi yara. Sannan ya yi mini tambaya uku: ko kilo aka ce mini, ko ina da sikeli a gida, ko na rantse. Duk na ce e. Na fara bayanin inji da iska da abin da mushe ya koya mana, ya bar ni har na gaji. Sai ya ce: "Ban ce kin yi sata ba. Amma kina da abin awo a ɗakinki, ba ki auna ba, kika kira sunan Allah a kai." Ya sa aka mayar mini da shinkafar cikin mato. Maganar ido kuma ya ce a bar ta, ya fi son ya ƙarasa makancewa da a buɗe masa ido da kuɗin da bai san ko na madara ba ne ko na iska. Sau biyu na koma. Yana amsa gaisuwa, ba ya cin abin da na kai. Ƙanena da ke zaune da shi ya ce ya daina fita zaure wurin tsofaffin abokansa na kasuwa.

Rahina ba ta ɗaukar kirana. Mun haɗu a wata gaisuwar mutuwa, ta amsa mini kamar yau ta fara ganina. Na tura mata saƙo mai tsawo ina bayanin litir da kilo, an nuna ta saurara, ba amsa. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mini ba, amma ya ce in sayar da injin da firigon, akwai mai saye daga Takeita, in koma damun fura a cikin gida inda ba mai zuwa da sikeli. Wani lokaci nakan ga gaskiyarsa. Wata uku ke nan ina kunna injin ina kashewa, ko ƙararsa ba na son ji.

Gwaggo, ki gaya mini gaskiya. Shekara shidan nan haram na ciyar da 'ya'yana? Iskar nan algus ce? In an ce mini kilo kaza, yaya zan san roba nawa ne, tunda kowane kirem da nauyinsa? Rantsuwar nan fa, ina zan kai ta? Ban sa ran Baba zai sake cin abin hannuna ba, ban sa ran Rahina za ta dawo ba. Ina so dai in san ko ni ce abin da suke faɗa.

Taki,
Wadda Sikeli Ya Ƙaryata, Damagaram

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Ban yi dariya ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kai wa wata malamar kimiyya da na sani lissafinki ta duba, sannan na zauna rubuta miki. Zan fara da abin da ke da amsa, don wasu tambayoyinki ba ni da tabbacin amsarsu, kuma ba zan yi miki ƙarya ba.

Litir awon wuri ne, kilo awon nauyi. Mushe bai yi kuskure ba, sai dai maganarsa a kan ruwa kaɗai take. Cika tiya da gero, cika wata da dusa, ki ɗaga su. Tiya ɗaya ce, nauyi ba ɗaya ba. Injinki aikinsa ke nan, ya kaɗa haɗin ya shigar masa da iska har ya kumbura, kamar yadda ƙullun waina ke tashi. Shi ya sa litir biyar ke cika roba goma. Iskar nan ba algus ba ce, ita ce ta sa kirem ya zama kirem, kuma kin ga abin da ya fito da kika cire ta. Duk wanda ya sayi roba a wurinki cikin shekara shidan nan, roba ya nema, roba ya gani, roba ya ɗauka, ya sha ya dawo. Ban ga haram a nan ba. Ki sauke wannan nauyin daga ranki.

Ga lissafin, ki kwafe shi a jikin bango kusa da firigo. Auna robar da ba komai a ciki. Cika ta yadda kike cikawa in za ki sayar, sake aunawa, cire nauyin robar. Yi haka da roba uku, ki riƙe lambar da ta fi ƙanƙanta. Wannan shi ne nauyin litir ɗaya na wannan kirem ɗin, shi kaɗai. Mai mangwaro da mai dabino kowanne a yi masa nasa, kuma duk ranar da kika canza madara ko haɗi ki sake. In an ce miki kilo, mayar da shi giram, ki raba da lambar nan. Mai banil ɗinki ɗari biyar da hamsin ne: kilo ɗaya roba biyu ba kaɗan, kilo biyar roba tara da ɗan ɗori, kilo goma roba goma sha takwas da ɗan ɗori, sai ki kai sha tara. In kuma litir aka ce kina son sanin nauyi, litir goma kilo biyar da rabi ne. A kan kowane murfi ki rubuta duka biyun, litir ɗaya da giram ɗinsa, da babban rubutu. In mai biki ta kira, kada ki ce to sai kin tambaye ta mutum nawa ne, kuma da kilo aka lissafa mata ko da roba. Wanda kuma ya narke ya sake daskarewa saboda kuran, kada ya fita daga gidanki, ba don awo kaɗai ba, don cikin mutane.

Yanzu ga mai ɗaci. Hajiya Hajara ta yi gaskiya. Kilo goma aka ce miki, kika amsa, kika kai biyar da rabi. Ba ki ci kuɗin kowa ba, tunda kuɗin roba goma kika karɓa kuma goma kika kai, amma alkawarin da ya fito daga bakinki bai cika ba, baƙi kuma suka tashi ba su sha ba. Matar nan ta tambaye ki a hankali, ta ba ki ƙofar da za ki ce bari mu auna mu gani. Ke kika rufe ƙofar. Waɗanda suka yaɗa muryarki da waɗanda suka jefi Rahina da sata sun yi zalunci, kuma Allah na gani, amma laifinsu bai shafe naki ba.

Rahina ba bayanin litir take jira ba. Ita aka kira ɓarauniya a gaban surukan ɗiyarta, ke kuma kika aika mata darasin lissafi. Kafin ki sake neman ta, ki je wurin Hajiya Hajara, da ƙafarki, da rana, tare da wata babbar mace da ake ganin girmanta. Ki ce kuskuren naki ne ke kaɗai, ki faɗi kuɗin da kika karɓa, ki ce Rahina ba ta san komai ba. Sannan ki yi saƙon murya gajere da bakinki, ki faɗi haka, ki bar shi ya bi hanyar da na farko ya bi. Ba zai yi gudun wancan ba, labarin wanke mutum ba ya da ƙafa kamar na ɓata shi. Amma Nafisa za ta samu abin da za ta ɗaga kai da shi a gidan mijinta, kuma wannan haƙƙinta ne a kanki ko da uwarta ba ta sake kiran sunanki ba. Mai yiwuwa Rahina ta dawo, mai yiwuwa ba ta dawo ba. Ki yi don ya kamata.

Maganar rantsuwa ba tawa ba ce, ta malamai ce. Na sha jin suna bambanta wanda ya rantse yana sane ƙarya yake yi da wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne. Amma kada ki ɗauka daga bakina. Ki sa ƙanenki ya gaya miki malamin da Baba ya fi yarda da shi a Durum, ki kai masa labarin yadda kika kawo mini, har da maganar litir biyar da roba goma. Abin da ya ce ki yi, ki yi shi, kuma ki roƙe shi ya je ya faɗa wa Baba da kansa.

Shi Baba, ki sake sauraron abin da ya ce. Bai kira ki ɓarauniya ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in da tiya a hannu ya fi ni da ke sanin cewa awo da nauyi ba ɗaya ba ne. Abin da ya ƙona shi shi ne sunan Allah da kika sa a kan abin da ba ki auna ba, da kuma sunansa da ya ji yana yawo a bakin mutane a ƙarshen rayuwarsa. Wannan ba bayani ke warkar da shi ba. In kin koma, kada ki kai shinkafa, kada ki kai hujja. Ki durƙusa ki ce ya yi gaskiya, ki gaya masa inda kika je da abin da kika gyara, ki tashi. Ina ganin ya tsananta, don bai kamata tsoho ya hukunta idonsa saboda kuskuren harshen ɗiyarsa ba. Amma tsofaffi irinsa ba a tanƙwara su, kuma ba zan ce miki zai sauko ba.

Abin da ba zai jira saukowarsa ba shi ne idon. Ki cire kanki daga maganar aikin gaba ɗaya. Ki zauna da ƙanenki da sauran dangi, a nemi kuɗin daga inda Baba zai yarda da shi, ko gyaɗa ce a sayar, ko akuya, a gaya masa gaskiyar inda ya fito, kada a yi masa dabara. Abin da kika tara ki taimaki gidan ƙanenki da shi ta wata hanya, shi ma a fili. Zai yi miki ciwo a ce ba ke kika buɗe masa ido ba. Ki daure. Ya gani ya fi a ce ke ce sila.

Injin kuma, ki roƙi maigidanki ya ba ki lokaci zuwa bayan azumi mai zuwa. Bukukuwa kam ki cire rai da su na wani lokaci. Ki riƙe butik biyun nan da murfi mai rubutu, ki ajiye sikeli a inda mai saye zai gani, duk wanda ya so ya ɗora. In azumi ya wuce ba a dawo ba, ki sayar ba tare da kunya ba. Damun fura ba faɗuwa ba ce, kuma maigidanki tausayinki yake ji, ba raina ki ya yi ba.

Kin tambaye ni ko ke ce abin da suke faɗa. Ba ke ba ce. Ke mace ce da ba ta san abu ɗaya ba, ta yi gaggawar rantsewa a kai, ta biya fiye da abin da ya kamata. Wasu abubuwan da kika rasa ba za su dawo ba, ki yi kukansu ki ƙare. Gobe da safe dai ki ɗaura gyalenki ki nufi gidan Hajiya Hajara, don wannan ne kaɗai ke hannunki yanzu.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Baba lafiyar ido, ya zaunar da Nafisa lafiya a ɗakinta.

Gwaggo Kulu